Ranar Da Muka Ci Tuwon Ciyaman

Ni ban taɓa buga ƙwallo ba. Ƙafata ta hagu tana da rauni tun ina ƙarami, saboda haka wurina bakin fili ne, cikin masu ihu. Amma filin ƙwallo na farko da aka yi a garinmu akwai gumina a cikinsa, kuma har yau in na bi ta hanyar rafi na ga auduga a kansa sai na kawar da kai. Ana ce mini mai haƙuri. Wannan abu dai haƙurina bai cinye shi ba, shi ya sa da na iya riƙe alƙalami a ajin manya na ce sai na rubuta shi.

Ƙwallo ya shigo mana ne bayan yaƙin duniya, ta hannun sojojin da suka dawo da malaman elementare da leburorin hanya. Da farko a bakin kasuwa ake bugawa, da ƙunshin tsumma, yana faɗawa cikin faifan masu daddawa ana zage-zage. Ƙanena shi ne gola. Dogo ne, hannuwansa kamar faranti, kuma aikinsa lodin katako a motar wani ɗan kwangila mai yankan maɗaci a daji. Wannan ɗan kwangila shi ya sayo ƙwallon fata daga Kaduna, da riguna koraye. Daga ranar ya zama ciyaman. Ba wanda ya zaɓe shi, ba a yi taro ba. Mai ƙwallo ne, shi ke nan.

Mun sha wuya a hannunsa tun kafin maganar fili. In zai yi tafiya sai ya kulle ƙwallon a ɗakinsa ya tafi da makulli, 'yan wasa su yi ta zaman jira. Yana da wani suruki, ƙanen matarsa, wanda in ƙwallo ya nufo shi sai ya juya masa baya ya kare kai, amma kullum shi ne a gaba. Ba a hura usur sai an kawo kujerar ciyaman an ajiye, ko da rana za ta faɗi. Muna gunaguni a bakin fili, in ya waiwayo mu ce ranka ya daɗe.

Wata rana da kaka sai mai shela ya zaga gari, ya ce ciyaman ya roƙi dagaci wani daji a hanyar rafi, kuma yana kiran gayya a share shi a yi wa kulob fili. Murnar da muka yi ba ta faɗuwa. Muka fito da gatura da adduna da sungumi. Har Gwarawan ƙauyukan kusa suka zo, su da suka fi kowa iya tumɓuke kututture. Wurin ƙaya ce da kalgo da gidajen gara. Ni da gurguwar ƙafata na durƙusa ina tonon saiwa har tafin hannuna ya fashe. Taubashina, wanda makaɗin kalangu ne, bai taɓa gatari ba, yana binmu da kiɗa yana tsokana.

"Gurgu, a hankali! In ka kare filin kai kaɗai, me sauran za su ba 'ya'yansu labari?"

"Kai dai ci gaba da dukan fatar akuya," na ce masa. "Ita ce kaɗai ba ta ramawa."

Da rana ta take sai ga abinci daga gidan ciyaman. Tuwon dawa akushi-akushi, miyar kuɓewa, naman akuya, da kunu cikin manyan ƙore. Muka zauna a inuwa muka ci, muka lashe hannu, muka yi masa addu'a. Taubashina ya wasa shi da kalangu har ya tashi ya ɗaga hannu. Dukanmu manoma ne, 'ya'yan manoma. Mun san mece ce gayya tun muna bin iyayenmu gona. Amma ranar ba wanda ya tsaya ya yi tunani, domin a ranmu ba gona muke sharewa ba.

Filin ya yi kyau. Shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba kwari, ga inuwar kaɗanya a gefe inda tsofaffi ke zama. Mun yi shekaru kaɗan muna morarsa. Ranar wasa mata kan kawo gyaɗa da rake, mutanen Saminaka su taho a ƙasa, wasu a kan keke. A nan na ga ƙanena ya tashi sama ya cafe ƙwallon da kowa ya riga ya ce ya shiga.

Manyan abokan hamayyarmu leburorin haƙar zinariya ne. Mun je wurinsu sun lallasa mu, suka raka mu da waƙar ba'a har bakin hanya. Aka yi alkawari za su zo namu filin bayan damina mai zuwa, in ruwa ya ɗauke. Ba abin da muke jira kamar wannan rana.

Da rani ya shigo sai muka tarar da shanu kwance a tsakiyar fili, Fulani sun kafa bukkoki a bayan turakun gola. Muka yi wa Arɗo magana, ya ce shi ba ruwansa, mai wurin ne ya kira shi. Muka tafi gidan ciyaman. Ya fito yana sakace.

"Ku ba ku san duniya ba," in ji shi. "Kun taɓa ganin filin Turawa a Kaduna? Ciyawa ce shar kamar darduma. Me kuke tsammani yake kawo ta? Taki! Ku bari shanu su yi aikinsu."

Muka koma muna yaba hikimarsa. Mu da muka san dalilin da ya sa mutum ke kiran Fulani su kwana a wuri da rani! Yaran suka yi ta atisaye cikin kashin shanu, suna zamewa suna tashi, ƙanena yana dawowa gida matarsa tana hana shi shiga ɗaki sai ya yi wanka. Mu kuwa muna ta dariya, muna jiran darduma.

Ruwa ya sauka, aka gama shukar dawa. Wata safiya zan tafi gona na bi ta hanyar rafi, sai na ga 'yan ƙodago jere da garemani suna huɗa. Sun riga sun ci rabin fili. Turakun gola an cire an jingine su a jikin kaɗanya, ga buhunan angurya a gindinta. Na tsaya ina kallo. Daidai inda ƙanena ke tsayawa, nan wani yake kafta garma.

Kafin hantsi gari ya ji. Muka taru a ƙofar ciyaman, wannan karon ba wanda ya durƙusa.

"Ina za mu karɓi 'yan zinariya?" wani ya tambaya.

"Di'o yana son auduga," in ji ciyaman. "Malamin gona ya kawo iri. Ni zan ce wa Bature a'a saboda wasan yara?"

"Ai kana da gonaki har bakin daji!"

"Waɗancan ba su sha taki ba."

Ya faɗi haka ko kunya babu. Da hayaniya ta yi yawa sai ya ɗaga murya: "Ƙwallo nawa, riguna nawa, fili nawa. Wanda ya zo da wani abu cikinku ya ɗauki abinsa ya tafi."

Muka kai ƙara wurin dagaci. Dattijo ne mai gaskiya, shi ma yakan zo kallo. Ya saurare mu har muka gaji, kowa yana nuna tabon da ƙaya ta bar masa. Sannan ya yi tambaya.

"Wa ya roƙi dajin?"

"Ciyaman, ranka ya daɗe. Amma da sunan kulob."

"Wa ya kira gayya?"

"Shi ne."

"Wa ya dafa?"

Muka dubi juna.

"Na ce wa ya dafa? Kun ci ko ba ku ci ba?"

"Mun ci, ranka ya daɗe."

Taubashina ya ce, "Allah ya ba ka nasara, naman fa bai kai ga kowa ba. Ni ƙashi na samu."

Aka yi dariya, har dagaci ya murmusa, amma bai canza magana ba. Ya ce tun kakanninmu, wanda ya kira gayya ya ciyar da ita, aikin nasa ne, kuma ƙasar da aka share tasa ce. In ya karya wannan yau saboda ƙwallo, gobe duk wanda ya taɓa yi wa wani noma zai zo neman rabin gona. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san gaskiya ya faɗa. Ciyaman bai yi mana ƙwace ba. Ya zauna ne ya auna mu, ya san tuwo da akuya ɗaya sun isa.

Samari suka ce a bari auduga ta fito a tumɓuke ta. Na hana, domin ƙarshenta gidan yari ne, filin kuma ba zai dawo ba. Muka koma wurin dagaci muka roƙi wani wuri. Abin da ya rage kusa da gari wani gangare ne a bakin daji, mai tsakuwa, da ɗorawa a kusurwa ɗaya wadda ya ce kada a kuskura a sare. Da za mu tashi ya ce, "Wannan karon ku kula da bakinku."

Muka shirya cewa ba mai kiran wannan gayya. Kalangu zai zaga ba tare da ambaton sunan kowa ba, kuma kowa ya zo da abincinsa daga gida. Sai dai lokacin tsakiyar damina ne, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Wani ya zo da ɗan rogo, wani da gasasshiyar masara guda, da yawa ba su zo da komai ba. Ƙasar kuma tauri gare ta kamar ƙarfe. Kafin azahar yunwa ta fara cin ƙarfinmu.

A lokacin ne muka ji ƙamshi. Muka ɗaga kai sai ga mata jere daga gidan ciyaman, akusa a kai, surukin nan nasa yana gaba. Tuwon shinkafa ne, da miyar taushe, mai yana kwance a sama, nama har ya yi tozo. Suka sauke a gindin ɗorawa suka buɗe faifai.

"Ciyaman ya ce a gaishe ku da aiki," in ji surukin. "Ya ce kulob nasa ne, ba zai bari 'ya'yansa su yi aiki da yunwa ba. Bismillah."

Ba wanda ya motsa. Ina jin cikin mutumin da ke kusa da ni yana ƙugi. Wani tsoho da ya tsufa da son ƙwallo ya matsa, ya fara naɗe hannun riga, taubashina ya ɗora masa makaɗin kalangunsa a kan hannu.

"Baba, wancan tuwon fili ya ci mana. Wannan in ka taɓa, har ɗorawar zai haɗa."

Surukin ya juya wajen ƙanena. "Kai gola, kai da kullum kake cin abincin gidan, yau ne za ka yi fulako? Fara, sauran su bi."

Ƙanena ya dube ni. Yana da mata da 'ya'ya, kuma motar katakon nan ita ce abincinsu.

"Yaya?" ya ce.

"Ni ba zan ce maka komai ba," na ce. "Bakinka ne, aikinka ne."

Ya goge hannu a wando, ya je gindin ɗorawa, ya sunkuya. Na ɗauka ci zai yi, kuma da ya ci ba zan zarge shi ba. Sai ya mayar da faifai ya rufe akushin, ya ɗora a ka, ya kama hanyar gari. Wani ya ɗauki na biyu. Ni na ɗauki ƙwaryar miya, tana zuba mini a wuya da zafinta. Haka muka ratsa kasuwa, ƙarti da akusa a ka, kalangu yana biye, mutane suna fitowa kallo. Muka jere su a ƙofar gidan ciyaman, ko loma ba ta yi ciwon kai ba.

Ya fito ya dubi abincin, ya dubi ƙanena. "Gobe kada in gan ka kusa da motata. Ƙwallo kuma ku nemi goruba ku buga."

Muka koma muka ƙarasa aikinmu da yunwa.

Da ruwa ya ɗauke 'yan zinariya suka zo. Sai da muka aika musu tun da wuri su taho da ƙwallonsu, abin kunya, suka kuwa yi mana dariya son ransu. Yaranmu ba riga suka buga. Wasu daga cikin gwanayenmu ba su fito ba, domin a wurin ciyaman suke aiki. Filin in ka saki ƙwallo da kansa yake gangarawa wajen daji, mai bugun kusurwa kuma sai ya zagaya ɗorawa. Sun sake cin mu. Ina tsaye ina hango audugarsa ta yi fari fat a kan filinmu mai kyau, ga shi an ce Di'o har yaba masa ya yi. Har yau a gari ciyaman ake ce masa, wasu da muka ɗauki akushi tare suna durƙusa masa.

Ƙanena yanzu tare muke noma, abin da muke samu bai kai na mota ba. Amma gangaren nan ba mai iya zuwa ya ce nasa ne, dagaci ya faɗa a gaban jama'a. In an tafi hutun rabin lokaci, nakan ratsa fili da ɗingishina in kai wa ƙanena ruwa a gora. Daga randar gidanmu nake ɗebo shi.