Mai Sauraron Fiffike

A tashar jiragen ruwan Esbjerg, wata dattijuwa mai jar hula tana bin jikin fiffiken fankar lantarki, fari, dogo kamar kifin da barci ya kwashe a tudu. Tana ƙwanƙwasa shi da kwandala, tana kasa kunne, idonta a lumshe. Inda ya tsage a ciki, sautinsa daban ne.

"Bodil, kiɗan ya isa haka," in ji mai injin ɗaga kaya. "Jirgin nan na haya ne, ba na kakanki ba."

"In ya karye a tsakiyar teku, kai za ka yi iyo ka ɗauko?"

Wataƙila haka ta taɓa sauraron ƙirjin wani nata, aka ce mata lafiyarsa ƙalau, ashe ba haka ba ne. Ta koma baya taku biyu, ta sake ƙwanƙwasawa.