Aikin Sa'adatu Ba Ya Cikin Takardar Inshora

Sa'adatu ƙanwar mahaifiyata ce, 'yar malamin zaure a Bakura. Tun tana yarinya aka san ta da iya zama da yara. Idan jariri ya ƙi yin shiru a gidan suna, ita ake miƙa wa. Ta yi karatun aikin jinya a Sakkwato, ta ƙara da na lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da mutanen gidanmu suka daɗe ba su ga amfaninsa ba.

A Maradun ta fara aiki. Can ta soma ganin yaran da ake kawowa daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka shiga. Babu rauni a jikinsu, gwajin jini ba ya nuna komai, amma wannan ya daina cin abinci, waccan ta koma fitsarin kwance tana da shekara goma. Sai a ba su maganin zazzaɓi a sallame su.

Da aure ya kai ta Talata Mafara, ta samu aiki a ƙaramin asibitin wani dattijon likita, Dokta Ishaq. Ta roƙe shi tsohon ɗakin ajiyar magani, ya ba ta. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo alli da yumɓu, ta fara ganin yara ɗaya bayan ɗaya. A shekarar ne aka raba wa marasa ƙarfi katin inshorar lafiya kyauta, kuma asibitin yana cikin waɗanda aka yi wa rajista. Su biyun duk sun ɗauka inshorar za ta ɗauki nauyin ɗakin.

Wata safiya wata tsohuwa mai suna Marka ta shigo da jikarta Mufida, 'yar shekara takwas. Daga Gidan Goga suka gudo, suna zaune wurin dangi. Bayan sun gaisa, sun tambayi juna gida da gajiya da haƙurin zama baƙon wuri, Sa'adatu ta ce, "Inna, me ke damunta?"

"Ɗiyata, a gabanta aka halbe ubanta a gona. Wata bakwai ke nan ba ta ce uffan ba. In ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado. An yi rubutu, an yi hayaƙi, shiru."

Sa'adatu ba ta tambayi yarinyar komai ba. Zama ta yi kusa da ita tana murza yumɓu. Haka suka yi duk Litinin da Alhamis. A mako na uku Mufida ta kai hannu ta gutsuri yumɓun. A wata na biyu ta gina saniya mai ƙaho ɗaya, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a hankali, "Ta Baba ce." Marka da ke bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Zuwa lokacin yara goma sha huɗu ke zuwa ɗakin, wasu tun daga Morai da Ruwan Gizo. Amma duk takardar da asibitin ya tura wa masu inshora a kan aikin sai ta dawo babu amincewa. Dokta Ishaq ya rubuta wasiƙa har sau uku kafin aka turo jami'i, Malam Maiwada. Mutum ne mai kunya, ya cire takalmi kafin ya taka tabarmar. Ya saurari Sa'adatu har ta gama, sannan ya buɗe takardar cututtukan da ake biya, ya bi ta da yatsa.

"Malama, ga zazzaɓi, ga gudawa, ga haihuwa. Zama da yaro ana magana, babu shi a nan. Ba ni na rubuta ba."

"To wa ya rubuta, Malam?"

"Daga sama take zuwa. Zan kai rahoto." Ya rage murya. "Wasu kan rubuta zazzaɓi kawai, takarda ta wuce."

Ta ce masa idan ta rubuta zazzaɓi, har abada babu wanda zai san akwai irin waɗannan yara. Ya ce gaskiyarta. Ya sa takalminsa ya tafi, kuma rahoton bai dawo da komai ba.

Likita ya ƙara haƙurin wata huɗu. Rannan ya kira ta ofis, bai iya haɗa ido da ita ba. Ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ta bar aiki, ba zai iya ɗaukar wata ba, kuma ɗakin haihuwa ne ke riƙe da asibitin. Ya ce ita za ta koma can, yaran kuma sai dai a tura su Gusau ko Sakkwato.

Ita ta faɗa wa Marka da bakinta. Tsohuwar ta ce, "Sakkwato? Ɗiyata, ni da ban san inda zan samu na koko gobe ba." Mufida tana gefe tana ƙirga yatsunta a fili, abin da ta fara yi a wannan makon.

Da damina ta faɗi, dangin da ke riƙe da su suka gaza, Marka ta koma Gidan Goga da yarinyar don kada gona ta kwanta. Sa'adatu ta yi ta kiran lambar da suka bar mata, ba ta shiga. Wani direban Maradun ya ce ya ji an sake shiga yankin, amma bai san gidajen da abin ya shafa ba.

Yanzu shekara biyu ke nan tana karɓar haihuwa, kuma kowa na yaba hannunta. Har yau uwaye kan tare ta a bakin ƙofar asibiti da yara riƙe a hannu. Takan tsuguna ta yi musu minti biyar, ta gaya wa uwar kada ta doki yaron, kada ta tilasta masa magana. Kafin ta gama bayani, an leƙo ana kiranta ciki.