Leda ta Ashirin da Ɗaya

Duk wanda ya taɓa sayen abarba a hannun yayata Ayoko a kasuwar Tsevie ya san halinta. Ka sayi uku, sai ta ɗora maka wata 'yar ƙarama a kai. Haka uwarmu take yi, haka ma kakarmu mai sayar da garin rogo. A gidanmu, mace ta sallami mai saye ba gyara ya fi mata kunya a kan ta fita kasuwa ba ɗankwali.

"Da Ayoko", wato Yaya Ayoko a yarenmu, kamar yadda kowa ke kiranta, daga aji huɗu ta ajiye boko, wai malamin yana cinye mata lokacin ciniki. Ni aka bar wa karatun, na ƙare ina yi wa 'yan kasuwa takardun fitar da kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome, shi ya sa ba ta da sunan da take kirana sai "mai biro". Shekara ashirin tana ganin abarba na ruɓewa a gefen titi in ta yi yawa, abin yana ci mata rai, har ta tara mata goma sha ɗaya suka sayi injin busarwa. Su fere, su yanka, su busar, su ɗura a leda.

A bajekolin Lome ta gamu da Mista Kuroda, wani siririn ɗan Japan da ba ya son yawan magana. Ya ɗanɗana, ya sake miƙa hannu. Bayan ya zo har Tsevie ya duba komai, har da faratan matan, sai ya ce yana son kwali ɗari huɗu, kowanne leda ashirin. In kayan suka isa a kan lokaci kuma daidai da takarda, zai riƙa saye duk wata uku. In jirgi ya tafi ya bar su, shi ke nan. Na zaunar da ita na ce abin da aka rubuta shi za a saka, ba ƙari ba ragi. Ta ce ta ji, kunnenta lafiya lau.

Ranar Talata aka ɗora kayan a sikeli, jirgi kuwa Alhamis zai tashi. Nauyi ya zarce na takarda. Jami'in da ke dubawa, wani ƙato mai gashin baki, ya kalle ni kallon ɗan fasa-ƙwauri, ya ce me muka ɓoye a ciki. Na rantse masa babu komai. Aka buɗe kwali ɗaya, leda ashirin da ɗaya. Aka buɗe na biyu, haka. Nan take gumi ya jiƙa mini riga, na kira ta a waya raina a ɓace.

"Gyara ce mana," in ji ta, ko a jikinta. "Mutum ya taso daga ƙarshen duniya ya sayi kwali ɗari huɗu, in sallame shi haka nan? Kai mai biro, a ina aka rene ka?"

Sake takardu mako guda zai ci. Hanya ɗaya ta rage: a buɗe kowane kwali, a zare leda ɗaya, a sake liƙewa. Da safiyar Laraba sai ga bas ta sauke mata goma sha biyu a bakin tasha, kowace ta ci ɗamara da zane, har da tukunyar tuwon masara da miyar kifi. Suna aiki suna yi mini tsiya, wai takardata ce ba ta da tarbiyya. Jami'in nan da ya so ya haɗiye ni jiya, da ya ji dalili sai da ya dafa bango don dariya, ya ce shi ma uwarsa kifi take sayarwa a garin Aneho, kuma da ita ce da leda biyu za ta ƙara. Kafin la'asar an gama, sikeli ya yarda.

Ledoji ɗari huɗu suka taru a kan tabarma. Na ce a mayar da su gida, ta ce abin da aka ba da gyara ba ya komawa faranti. Ta rabar wa 'yan dako da direbobin Nijar da na Burkina da ke jiran lodi.

Jirgi ya tashi da kayanmu. Ni murna kamar in taka rawa, amma a mota na waiwaya na ga tana share hawaye da bakin zane. Tunda take ba ta taɓa sayar da abu ba gyara ba sai ran nan. Ta ce yanzu mutumin zai ɗauka matan Tsevie marowata ne. Wallahi ta ba ni tausayi, har na ji kunyar faɗan da na yi mata.

Sai na rubuta wa Mista Kuroda duk abin da ya faru. Bayan wata biyu amsa ta zo da sabuwar buƙata: kwali ɗari shida, kowanne leda ashirin da ɗaya. Bawan Allah, a ganinsa ya kashe maganar. Na karanta mata, ta tafa hannu.

"Allah sarki, ɗan halak. To, ashirin da ɗaya ya saya. Gyaransa fa?"

Yau shekara huɗu ke nan. A kowace takardar kayanta akwai layi guda a ƙasa da ya ce leda ɗaya kyauta a kowane kwali, kuma da birona nake rubuta shi.