Kwamfuta ba ta da haƙori

"Malam Bala, me ya hana ka tayar da inji? Kwamfuta ta tsara yau za a gurje shinkafar da aka kawo daga garin Mutum Biyu!" Sabon manajanmu ke nan, yana nuna min allo.

Na ɗebi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a buhu, na ciji ƙwaya ɗaya. Ko ƙas ba ta yi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutarka ta san kaya sun shigo sito, amma ba ta san ba su bushe ba. In na zuba shinkafar a inji yanzu, duk kakkaryewa za ta yi."

Ya ce in tayar ko in bar aikin. Na miƙa masa makullin injin, na tafi shanya shinkafar.

Jama'a, ku gaya min, allo zan bi ko haƙorina?