Garin Ƙarfe a Tulun Indo

Indo ba ta taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya, amma a ɗakin binciken nan na bakin kogi babu kwalbar da ba ta sani ba. Ta san wadda ake ɗauka da hannu biyu, ta san wadda ba a shinshinawa, ta san wadda in ta ɗiga a zane sai ta huda shi. Aikinta wanke kwalabe ne. Masu fararen riguna suna ce wa wurin labo, ita ma haka take ce masa, da ƙarfin hali, kamar a gidansu na Tawa aka raɗa masa suna.

Kafin nan atamfa take sayarwa a Babbar Kasuwa ta Yamai. Gobarar da ta cinye kasuwar ta haɗa da rumfarta, tana tsaye tana kallo. Mijinta direba ya riga ya rasu, ga ƴarta Fati da jikoki biyu a ɗaki guda a unguwar Tallaje. Tun daga ranar, ko ashana aka ƙyasta kusa da ita sai ta bi tsinken da ido ta ga inda ya faɗi. Wani maƙwabci ne ya kai ta wurin Mushe Harouna, wato Malam Harouna a bakin masu Faransanci, masanin kimiyya ɗan Maradi da ya dawo daga Faransa da akwatin littattafai da dogon wuya, ya ce masa ga mace mai tsabta wadda abu ba ya fashewa a hannunta. Shekara uku ba ta ba maƙwabcin kunya ba.

Mushe Harouna irin mutanen nan ne da in sun rasa mai saurare sai su yi wa bango bayani, saboda haka Indo ta sha karatu a tsaye, hannu cikin kumfa. Abin da ya fi ƙauna a duniya wani baƙin gari ne mai kama da laka, kwance a gindin kwalba, ruwa ya rufe shi. Garin ƙarfe ne da ake kira nikel. Ya ce mata kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido ba ya gani, har da za a shimfiɗa fuskokin cokali ɗaya da sun rufe tsakar gidansu da ta maƙwabta. A kan fuskokin nan wata iska marar nauyi take sauka ta manne. In aka zuba garin cikin man gyaɗa mai zafi, man yakan zo ya karɓi iskar daga jikin ƙarfen ya daskare, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake.

"Ashe dillali ne," in ji Indo. "Shi haɗa mai saye da mai saidawa, shi koma shi zamna."

Ya yi dariya har ya rubuta maganar a littafinsa. Shekara uku yana fama da dillalin nan, yana ƙara wannan yana rage wancan, sai a kwalbar ƙarshe ya samu wanda ya yi masa yadda yake so. Doka biyu ya kafa mata a kansa. Ta farko, kada ya bushe, domin da zarar iskar ɗaki ta taɓa wadda ke manne a jikinsa, wuta yake kamawa da kansa. Ya ɗora ɗan kaɗan a kan takarda ya nuna mata, tana gani ya yi ja ya huda takardar, ranar sai a bakin ƙofa ta tsinci kanta. Ta biyu, ba a ba shi ruwa sai na tururi, wanda injin labo ke dafawa ya tace. Ƙazantar ruwan waje, in ji shi, takan hau fuskokin ta zauna ta ƙi tashi, shi ke nan dillali ya mutu.

Bazarar shekarar da kogi ya ƙafe har mutane suna ƙetare shi da ƙafa, ranar wata Asabar, kwalbar ta tsage a hannun Indo. Mushe Harouna yana Maradi neman man gyaɗa. Ba ta tsaya kuka ba, ta kwashe lakar da danshinta. Sai dai wace kwalba za ta sa? Ya sha faɗa mata garin yana son sanyi, kuma duk macen da ta tashi a Tawa ta san inda ruwa ke sanyi. Ta juye shi cikin ƙaramin tulun ƙasar da take shan ruwa da shi, ta cika da ruwan tururi, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin tebur. Ta san tulu yana tsatsafo, ai da haka yake sanyaya ruwa, amma ba ga ta ba? Safe da yamma za ta ƙara masa har mai shi ya dawo, ta samu bakin faɗa masa. Kunya ce ta hana ta gaya wa kowa. Ran Litinin da yamma ta zuba masa ragowar ruwan tururin, don kwana bakwai ke nan famfo bai kawo abin da injin zai dafa ba.

Ran Talata da safe ta tarar da motar soja a ƙofa. An ce an samu takardun sukar gwamnati, an ce a ginin nan aka buga su. An kwashe masu fararen riguna, har da Mushe Harouna da ya sauka daga mota da jarkar mansa a hannu. An datse wuta, an sa sarƙa, sojoji huɗu sun shimfiɗa tabarma a baranda.

Indo ta tsaya a rana tana kallon ginin. Tulun yana ƙarƙashin teburin katako, a saman teburin kwalaben da ko warin wuta ba sa so. In ginin ya kama da wuta alhali Mushe Harouna yana hannu, wa zai yarda ba shi ya ɗana ba? In kuma ta buɗe baki ta ce akwai abin da ke kama wuta da kansa a ciki, to ta kai musu hujjar da suke nema. Lokacin soja ne, mutum kan ɓace a kan abin da bai kai wannan ba.

"Ɗana, na bar kayana ciki," ta ce wa wanda ke bakin sarƙa.

"Inna, koma gida. Ba shiga."

A gida tana da ɗan'uwan tulun, hannu ɗaya ya gina su. Ta zuba masa yashi daidai tsawon lakar, ta cika shi da ruwa, ta rufe da faifai, ta zauna tana gadi, don ta san yadda na labo ke ƙafewa. Fati ta fito ta gani.

"Inna, ruwan da na yi layi tun asuba kike ba yashi?"

"Bar ni, ɗiyata."

"Yaran ga ko wanka ba su yi ba."

"Na ce ki bar ni."

Takan tsoma yatsa ta auna. Talata da la'asar gaɓa uku. Laraba da safe biyu da ɗan kai. Ta sake komawa labo, aka sake korar ta, wannan karon da buga gindin bindiga a ƙasa. Ta bi gidan shugaban wurin, matarsa ta leƙo ta taga ta ce ba ya nan, ba ta kuma san ta ba. Alhamis da hantsi yatsanta ya taɓa yashi kafin ruwa ya rufe farce, ga shi na labo ya riga wannan da kwana.

Ta ɗauki buta. Famfon unguwa shiru, masu ga-ruwa ba su zagayo ba, ruwan randa kuwa Fati ta kwashe ta kai ɗaki. Indo ta gangara cikin kogin, inda mata ke tona rami a yashi suna jiran ya tsatso. Ruwan da ta samu launin toka ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana cika butar ta san abin da take ɗauke da shi. Doka ta biyu ba ta ɓace mata ba.

A ƙofa ba ta yi wa ƙananan sojojin magana ba. Ta nufi babbansu, wani sarjan mai furfura a gefen kunne da ta ji suna kira Abdou, ta durƙusa a gabansa cikin rana ta ƙi tashi.

"Inna, mi kike so da mu? Kwana ukku ke nan."

"Tuluna na ciki, ɗana. In ba shi ruwa in hito. Ka biyo ni da bindigarka, in na taɓa takarda ɗaya ka yi mini abin da ka ga dama."

"Tulu ne za ki ba ruwa?"

"Tulu ne."

Ya dube ta. Wataƙila ya ɗauka tsohuwar ta taɓu, wataƙila ganin uwa durƙushe a ƙasa ne ya dame shi. Ya ciro makulli.

Ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Indo ta rarrafa ƙarƙashin teburin ta jawo tulun a hankali, jikinsa a bushe ƙamas. Tana ɗaga faifan, wani ɓawon baƙi da ya kafe a wuyan tulun ya ɓantare ya faɗo a kan saƙar faifan, ya yi ja, kabar ta fara hayaƙi. Ta danne shi da tafin hannu, ba ta ji zafin ba sai daga baya. Can ƙasa lakar ta fara tsagewa, tsakiyarta kaɗai ke sheƙi. Ta karkata butar. Shekara uku na aikin mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta zuba masa ruwan rami tana kuka.

Butar ta ƙare ruwan bai gama rufe lakar ba.

"Mine ne wannan?" Muryar sarjan ta sauya. "Na ga wuta, ba ashana."

"Garin ƙarhe ne na daskarar da mai. In ya bushe shina kamawa."

"Wa ya aje shi nan? Mutumin da ke hannunmu?"

"Shi cikin kwalba ya aje shi, a ruhe, shekara ukku bai yi komi ba. Ni na hwasa kwalbar, ni na sa shi tulu, shi ko sani bai yi ba. In rubutawa za ka yi, sunana Indo."

Sarjan Abdou ya dubi kwalaben da ke jere bisa kansu, ya dubi taga, inda ƙafafun yaransa ke miƙe a kan tabarma. Sai ya kwance gorar ruwan da ke ɗamararsa, rabonsa na yini, ya juye ta duka cikin tulun. Ruwa ya haye lakar.

"Ni tsohuwa na gani da tulunta," ya ce. "Ki riƙa zuwa da hantsi, lokacin ina nan."

Kwana ashirin da uku tana zuwa da butarta. Ranar da aka saki Mushe Harouna, rigarsa tana reto a jikinsa, bai wuce gida ba sai da ya biyo labo. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya lakato lakar da tsinke ya ɗora a takarda, ya ajiye a bakin taga. Suka tsaya suna kallo har ta bushe ta zama toka-toka. Takardar tana nan fara.

"Ya mutu ko, Mushe?"

"Ya mutu, Inna."

"Ni na kashe maka shi. Ina sane na zuba."

Ya kama hannunta ya juya tafin, ya ga tabon. "Kullum sai sun tambaye ni mi na ɓoye cikin ginin ga," ya ce. "Kullum ina rantsuwa babu komi. Da hayaƙi ya tashi nan, da ba ki ƙara ganina ba."

Ya zauna a kan kujera, ya rufe fuska. Da ya ɗago sai ya naɗe hannun riga ya ce ta wanke masa babbar kwalba, zai sake daga farko. Ta wanke ta sau uku, ta miƙa masa da hannu biyu.