Uwale, Wadda Ta Ƙwace Mini Uwa

Da an idar da sallar asuba Uwale take hawa moto, wato babur. Kafin ta isa gidan likita na Dakoro, inda ta daɗe tana koya wa masu ciwon karkarwa tsayuwa da tafiya, sai ta biya gidajen waɗanda suka kasa fitowa. Wani lokaci har Birnin Lalle take kaiwa. Bana za ta ajiye aiki.

Ni Rahinatu kishinta nake yi, kuma da dalili.

Innata Dela ta faɗi kusa da murhu, ta karye a hannu. Tun ranar ta ƙi tashi. Jiki na rawa, ƙafa na mannewa da ƙasa, ga tsoro. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, sai dai ta juya mini baya.

Uwale ta zo, ta naɗe tabarmin tsakar gida, ta ɗebi toka ta ja layuka a ƙasa.

"Inna, tsallake wanga. Dunduniya za ta fara sauka."

"In na hwaɗi fa?"

"Ina bayanki. Ki bi tafina kawai."

Ta tafa, Inna ta taka. Ina tsaye ina kallo. Ni da ke kwana da ita ta ƙi, ga baƙuwa ta tashe ta! A hankali Inna ta koyi miƙewa daga kujera da juyawa ba gaggawa. Saniya in ta yi nono mai kyau, na Uwale ne. "Ɗiyata" take ce mata, a gabana.

Ranar sunan ɗan ƙanena Amiru, Inna ta taka har gidansa, matan unguwa na guɗa. A bakin ƙofa na miƙa mata hannu.

"Bari," in ji ta. "Uwale ta ce in gwada da kaina."

Uwale, ke ce mai tada wanda ya fid da rai. Ke kika mayar mini da uwa a tsaye, ko da rabin zuciyarta na wurinki. Na gode, Allah Ya saka miki. Ƴan matan garin nan, ku je ku koya kafin ta huta. Tsofaffi da yawa na zaune don tsoron faɗuwa.

Inna ta ce in gaya miki ta sa an yanka miki zabuwa, kuma da ƙafarta za ta kawo. Ni an ce in ɗauko kwanon.