Kunyar Ɗan Fari Ta Raba Ni da Ɗana

Lokacin da abin nan ya same ni, ban wuce shekara ashirin ba, ina zaune gidan surukaina a Matameye, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba. Mijina ya bi fatake Gwanja da kanwa ina da ƙaramin ciki. Wurin ya karɓe shi, ya zama dillalin goro a zangon Salaga, ya yi zamansa. Na haihu ba ya nan, namiji, ɗan fari. Kun dai san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka ta kau da kai sai an ce ta ɗauke shi. Ni kuwa na ƙware a wannan kunyar har ana ba da misali da ni a unguwa, ina ta jin daɗi kamar wani abin kirki na yi.

Bayan girbin shekara ta uku sai ga abokin mijina da saƙo. An yi mini ɗaki, in bi ayarinsu, in taho da yaron idan zai iya tafiyar. Aka taru a tsakar gida. Surukata, wadda yaron ke wurinta tun da aka yaye shi, ta ce tafiyar wata uku ce, ga ƙetare Kwara, amma ta bar wa uwarsa magana. Yayan mijina ya juyo ya tambaye ni, har sau biyu. Wallahi a raina ba na son taka ko'ina sai da shi. Amma bakina ya ce ina ruwana da shi, ai ɗansu ne, su yi yadda suka gani. Aka yi dariya, aka ce kai, yarinyar nan akwai kunya. Shi ke nan aka yanke cewa baɗi a aiko a ɗauke shi. Ranar tafiya ko waiwaye ban yi ba, don mata sun zuba mini ido, ina jin muryarsa a baya yana neman a dama masa fura.

Har yau baɗin nan ba ta zo ba. Yaƙi ya tashi a Salaga, muka gudu kudu zuwa wani zango a bakin kurmi, hanyar gida ta toshe shekara da shekaru. Mace ba ta kama hanyar wata uku ita kaɗai. Mijina kuma duk sa'ad da na ɗauko zancen sai ya ce ai an tambaye ni, ni na ce a bar shi. Na haifi uku a can, na saba da doya, amma duk ayarin da ya sauka ni ce a bakin zango da ƙwaryar fura, ina cigiyar mutumin ƙasarmu, Damagaram. In na samu kuma, sai in tambayi lafiyar surukata da yadda damina ta yi, in tsaya ina jira ko zai ambaci yaron da kansa. Kun ji wauta.

Sai da yaron ya shekara goma sha shida hanya ta yi kyau, muka aika a zo mana da shi. Manzon ya dawo shi kaɗai. Ya same shi yana noma tare da baffansa wajen Kurni, kusa da Matameye, kakarsa ta rasu. Yaron ya ce ba ya barin ƙasar da aka binne innarsa, yana nufin kakar. Ya ce tun yana ƙarami ake ba shi labarin amsar da na bayar a tsakar gida, masu bayarwa suna yabona, shi yana saurare. Ya aiko wa ubansa gaisuwa, ya ce a kuma gaida matar babansa.

Na yi kuka har ya ishe ni, ban kuma ga laifinsa ba. Abin da na gane shi ne, ɗa ba ya ganin abin da ke zuciyar uwarsa, abin da bakinta ya furta shi ake kai masa. Don haka ku matan da za a aiko ku bi miji wata ƙasa, ku ji kunyar surukai a komai ban da wannan. In an tambaye ku, ku buɗe baki ku ce kuna son ɗanku, duk mai dariya ya yi. Yau ƙafafuna ko rijiya ba sa kai ni, balle Matameye. Masu zuwa suna ce mini ya yi gemu, har yana da nasa 'ya'yan, kuma ko a hanya muka yi karo ba zan gane shi ba.